Kundin Malam Ya Tafi Kaduna

An kai ni gidan mijina a unguwar Barade ina da ƙuruciyata, lokacin Jalingo ba ta wuce garin da mutum zai ratsa da ƙafa bai gaji ba. Turawa suna can barikinsu, mu muna cikin gari, ba mu cika jin ɗuriyarsu ba sai lokacin haraji. Ni Bafillatanar gari ce, iyayena da kakannina duk a ƙasar Muri aka binne su. Shi kuwa Malam, haka na kira shi har ya bar duniya, asalinsu Zazzagawa ne. Kakansa ne ya biyo fatake da iyalinsa, ya ƙetaro kogin Binuwai ta garin Lau tun garin nan yana sabo, ya ga wuri ya zauna. Sana'ar gidansu ɗinki ce, aikin allura a wuyan riga da aljihu. Da rani Malam yakan ɗaure kaya ya yi kudu, ya bi kasuwannin bakin rafuka, sai gab da saukar ruwa ya dawo.

Ban daɗe da tarewa ba na ga kundin. Ina sharar ɗakinsa na tarar da wata gafaka, jakar fata irin ta littattafai, a rataye jikin bango, ta yi baƙi don tsufa. Na ɗauka Alƙur'ani ne, ba ni da alwala, sai na share kewayenta na bar yanar gizo a kanta. Da ya lura ya yi dariya.

"Ba Alƙur'ani ba ne," in ji shi. "Tarkacen gidanmu ne. Zo ki gani."

Ya shimfiɗa buzu ya kwance igiyar. Takardu ne warwara, ba ɗinki, an matse su tsakanin fatu biyu masu tauri. Waɗansu sun yi ja kamar an jiƙa su da ruwan goro. Ya ɗaga ɗaya daga cikin tsofaffin ya saita ta da hasken ƙofa, ya nuna mini hoton jinjirin wata guda uku a ɓoye cikin jikin takardar. Ya ce irin wannan kakansa ya taho da ita, yanzu ba a samunta.

Hannun mutum uku ne a ciki. Na kakansa ƙanana ne, a matse, kamar mai tsoron takarda ta ƙare. Yawanci addu'o'i ne da Larabci, sai jerin zangon da suka yada tun daga Zariya har bakin kogi, da inda ruwa yake da daɗi, da inda ba a kwana. Na mahaifinsa manya ne masu walwala. Shi ya kwafi waƙoƙin wa'azi, da lissafin taurarin damina, da yadda ake rina zare ya ƙi zuba, da labarin shekarar da fara ta rufe rana. Sai nasa, wanda bai daɗe da somawa ba. Na yi allo a gidanmu, mahaifiyata kuma ta koya mini karanta waƙoƙin Fillanci da aka rubuta da baƙaƙen Larabci, don haka ajami bai ba ni tsoro ba. Hausata ce lokacin ba ta nuna ba. A kan kundin nan na gyara ta, yana karantawa ina bi, yana yi mini dariya in na mai da mace namiji.

Malam ba babban malami ba ne, bai kuma taɓa cewa shi ne ba. Mutum ne dai da ba ya son magana mai amfani ta faɗi ƙasa. In ya yi la'asar ya naɗe ɗinki, sai ya jawo kurtun tawada, ya feƙe alƙalaminsa na kara, ya rubuta abin da ya tsinta. Karin maganar da wani baƙo ya yi a zaure. Sunan wani itace da Jukunanci. Ranar da ƙanƙara ta kashe kajin unguwa. Takarda tana da wuya sai an je kantin Lau, saboda haka duk inda ya ga fili yake cusa nasa, a gefe, a ƙasa, a bayan rubutun ubansa.

Akwai wata dattijuwa Bamumuya, 'yar wata ƙabila ta yankinmu, da take kawo mana doya daga gindin dutse. Wata rana kunama ta harbe ni a madafa tana nan. Ta fita bayan gida ta tsinko wani ganye ta murza ta ɗaura mini, zafin ya sauka. Malam ya sa na tambaye ta sunan ganyen da yarensu, ya rubuta, sannan ya karanta mata. Ta dafe ƙirji.

"Malam, ka sa maganana cikin takarda? In na mutu, shi yana nan?"

Ya ce yana nan. Ta daɗe tana kallon baƙaƙen, ta kai yatsa kusa ta janye. Daga ranar duk zuwan da za ta yi sai ta taho da wani ganye ko saiwa a ƙullin zanenta, ta ce a ƙara.

Haihuwata uku. Na fari namiji ne. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, mu Fulani kuwa mun fi kowa riƙe wannan. Na goya shi, na shayar da shi, amma bakina bai taɓa furta sunansa ba. Bai daɗe da yaye ba baƙon dauro ya shigo unguwa ya tafi da shi. Mata suka cika tsakar gida suna cewa Allah hokku munyal, Allah Ya ba da haƙuri, ni kuwa ina zaune ina amsawa, ido a bushe, don kukan ɗan fari ma abin kunya ne. Sai da aka watse na sami Malam a ɗakinsa.

"Ka rubuta?"

"Na rubuta."

Ya nemo warƙar ya miƙo mini. A gefen lissafin taurari ne. Layi ɗaya na ranar zuwansa, da sunansa, layi ɗaya a ƙasa na ranar komawarsa. Tawadar na biyun ba ta gama shan iska ba. A nan na yi kukana.

Ta biyu mace ce, ita ta fi daɗewa tare da mu, har ta soma zuwa makarantar allo. Yarinya ce mai surutu, ba ta zama. Ta fi son zaure da madafa, kullum tana gindin ubanta tana tsince masa guntayen zare. Wata rana ya tashi amsa sallama ya bar kundin a buɗe. Kafin ya dawo ta tsoma alƙalami ta jera baƙaƙen da aka koya mata, karkatattu, manya-manya, a kan wata addu'ar kakansa, har da tambarin yatsanta inda ta dafa. Ina jin ya daka tsawa na fito da gudu. Na tarar ya ɗaga hannu, ita kuma ta ɗago kai tana jiran ya yaba. Sai ya sauke hannun. Ya karɓi alƙalamin ya rubuta a ƙasa: aikin 'yata ne, ranar da ta fara ɓarna.

Sanƙarau ne ya ɗauke ta, a wata bazara mai zafi da ba gidan da bai taɓa ba. Da safe ta ce wuyanta yana ciwo, na ce kwanciya ce ta yi ba daidai ba. Kashegari aka fita da ita. Na ukun bai kai suna ba. Malam ya rubuta shi duk da haka, ya ce wanda ya zo bai zauna ba. Daga nan ban sake samun ciki ba.

Ciwon idonsa a hankali ya zo. Ya daɗe yana fama da ƙaiƙayi tun tafiye-tafiyensa na kudu, ga wani kumburi kamar tsakuwa a ƙarƙashin fatar ƙugunsa, ba mu haɗa wannan da ido ba. Da farko zura zare a kafar allura ne ya gagare shi, na riƙa zura masa da yawa ina sokewa a jikin matashi. Daga baya masu riguna suka fara dawo da aiki, cikin ladabi, suna cewa ko a ɗan duba nan. Ya gane. Ya tattara allurai ya ba wani almajirin ɗinkinsa, ya daina.

Rubutunsa ma ya canja. Baƙaƙen suka yi ta girma, layi yana hawa kan layi. Wani lokaci tawada ta ƙare a bakin alƙalami bai sani ba, ya ci gaba da jan karan a kan takarda.

A cikin kundin akwai magungunan ido, na kakansa da na ubansa da wanda shi ya jiyo a hanya. Duk mun yi su. Na daka, na tace, na ɗiga, na turara. Da muka gama na ƙarshe ya ce in ɗauko alƙalami.

"Ki nemo kowane ɗaya, ki rubuta a gefensa: an gwada, bai yi ba."

"Malam, maganin kakanka ne."

"Shi ya sa. Kada wani ya zo ya ɓata lokacinsa kamar yadda muka ɓata."

Haka hannuna ya shiga kundin. Rubutuna ba shi da kyau, kamar kaza ta bi ta kan laka, amma tun daga ranar ni ce mai rubutawa, shi yana faɗa.

Malam yana da ɗan wa, wanda ya taso a hannunsa bayan rasuwar uban, ya yi makarantar boko ya sami aikin akawu a ofishin En'e. Shi ya nemi mota ya kai shi wurin wani likitan mishan mai nisa. Suka dawo ba labari mai daɗi. Likitan ya ce wani ƙaramin baƙin ƙuda ne na bakin rafi yake sa ciwon, kuma an makara. Malam ya ce in rubuta wannan ma, da kamannin ƙudan, da cewa mai tafiya kudu ya rufe ƙafafunsa.

Sai wata damina ta zo mai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bangon ɗakinsa ya sha ruwa ya yi taushi. Ni hankalina yana kan rufin da ke yoyo da hatsin da ke neman ruɓewa, an ɗan kwana biyu ba mu sauke gafakar ba. Ran da rana ta fito na shiga in fitar da shimfiɗa, sai na ga hanyar gara, siririn layin jar ƙasa, ta taso daga gindin bango ta shige bayan gafakar. Na fizgo ta na zazzage a tsakar gida. Sun shiga ta ƙasa, ta wajen tsofaffin takardu. Waɗansu warƙoƙin sun zama kamar rariya, waɗansu ina ɗagawa suna zuba.

Malam ya laluba ya fito. Ya durƙusa ya bi takardun da yatsunsa, yana murza garin da ya rage.

"Ina suka ci?"

"Wajen kakanka. Addu'o'i da dama. Da zangon hanya."

"Daga ina zuwa ina?"

Na duba. "Daga Bauci har bakin kogi babu."

Ya ɗan yi murmushin da ban so ba. "To. Yanzu ko mun so komawa, ba hanya."

Da yamma ya aika aka kira ɗan wansa. Ya ɗora masa gafakar a cinya ya ce in ya mutu nasa ne, gara ma ya ɗauka tun yanzu. Yaron, ko da yake lokacin ya yi aure, ya sunkuyar da kai.

"Bappa, kada in yi maka ƙarya. Ni boko na yi. Wannan rubutun kafin in haɗa layi ɗaya gumi ya karyo mini. Kuma ka san aikinmu, bana a tura ka Lau, baɗi garin Mutum Biyu. A hannuna zai lalace, ka zo kana jin haushina a kabari."

Gaskiya ya faɗa, Malam bai yi fushi ba. Ya karɓi kayansa ya ce Allah Ya yi albarka. Na koma rataye gafakar da igiya daga tsakiyar rufi, ina sauke ta ina shanyawa duk ran da aka yi rana.

Bayan kaka ɗan wan nasa ya zo da baƙo. Ya ce wani Bature ya sauka a bariki, yana zagaya ƙasa yana neman tsofaffin rubuce-rubuce, tare da wani malami Bahaushe da ke yi masa aiki. Malamin ne ya zo gidanmu. Na kai musu ruwa na koma bayan ƙofar zaure na tsaya. Mutum ne mai natsuwa. Ya wanke hannu kafin ya taɓa kundin, ya daɗe yana juya warƙoƙi, wani wuri ya karanta a bayyane, Malam yana ƙarasa masa da ka.

"Allah gafarta Malam," in ji baƙon, "irin wannan ba mu cika samu ba. Littattafan ilimi muna da su da yawa, kwafi a kan kwafi. Amma abin da mutanen gida ɗaya suka tara, kaka da ɗa da jika, sai an dace."

Ya ce gwamnati ta gina gida a Kaduna don ajiye takardu kawai. Kantocin ƙarfe ne, ba ruwa, ba gara, ana sa magani. Kowane kundi da kwalinsa da lambarsa. Duk mai son karantawa zai je ya zauna ya karanta. Ya ce ba tilas, in Malam bai so ba shi ke nan, za su tashi jibi.

Da suka tafi na shigo zauren. Ban taɓa ɗaga wa Malam murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma ban zauna ba.

"Ba dai ba su za ka yi ba?"

"Ina tunani."

"Malam, 'ya'yana suna ciki."

"'Ya'yanmu suna wurin Mai su. Abin da ke ciki tawada ce."

"To, tawadar ce kaɗai ta rage mini."

Ya gyara zama. Sannan ya juyo da fuskarsa wajen da muryata take, bai saita daidai ba, yana kallon gefen kafaɗata.

"Ni ba na gani. Ke ma ba yarinya ba ce. In na tafi za ki koma gidanku, ɗakin nan ya rushe. Wa zai riƙa shanyawa? Gara ba ta san kakana ba, ba ta san 'yarki ba. Kin ga abin da ta yi a damina guda." Ya laluba ya tura mini gafakar. "Ba zan yi miki ƙarfi ba. Ki cire duk abin da kike so, sauran su tafi da shi."

Kashegari tun da hantsi na shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro na baje takardun. Na zaci abu ne mai sauƙi. Amma ɗan farina yana gefen lissafin taurari, in na cire shi lissafin ya yanke a tsakiya. Wanda bai kai suna ba yana bayan wata waƙar da surukina ya kwafa, baitocin suna ci gaba a warƙa ta gaba. Ranar da yarinyar ta fara tafiya tana wani wuri, ranar da haƙorinta ya faɗi tana wani. Duk inda na ja, sai na ga zan yage wani abu na mutanen da suka riga ni. Na ware tuli, na mayar, na sake warewa. Har azahar ta yi ban ɗora tukunya ba. Daga ƙarshe warƙa ɗaya na ɗauka, wadda ta yi wa ɓarna da hannunta. Na mai da sauran yadda suke na ɗaure.

"Me kika cire?" ya tambaye ni.

Na gaya masa.

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai."

Malamin ya dawo da yamma. Malam ya riƙe gafakar ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, ya miƙa da hannu biyu. Baƙon ya tambayi sunansa da na ubansa da na kakansa ya rubuta. Ya yi godiya sosai. Na leƙa ta zana na ga ya naɗe ta cikin wani farin ƙyalle ya ɗaure a bayan kekensa.

Abin da ban yi tsammani ba, Malam ne ya fi ni shiga wani hali. In la'asar ta yi sai in ga yana gyara zama yana laluben gefensa, sannan ya tuna. Wani lokaci baƙo zai yi wata magana a zaure, ya ɗaga murya ya ce, "Ke, ɗauko..." sai ya tsaya. Ɗan wansa ya lura, ya kawo mana littafin rubutu irin na 'yan makaranta, mai layi-layi. Malam ya shafa takardar ya shinshina.

"Ta yi santsi. Kuma ba kowa a ciki."

Duk da haka mun gwada. Ya faɗi abu biyu ko uku na rubuta. Ya ce in karanta masa, na karanta. Ya ce in bari, abin ba ya zama. A cikin tsohon, in ji shi, in ya faɗi magana ya san kusa da wa za ta kwanta.

Dattijuwar nan mai doya ta zo da wata saiwa a ƙullinta, tsufa ya rage mata tafiya. Na gaya mata takardun sun tafi wani gari mai nisa. Ta tambaya ko da maganarta a ciki, na ce da ita. Ta jinjina kai, ta mai da saiwar cikin zanenta. Ba ta ƙara kawowa ba.

Malam bai ga tafiyar Turawa ba. Ya yi ta raguwa, ba wani ciwo da za a nuna, abinci kaɗan, magana kaɗan. Wani zazzaɓi da bai isa ya kayar da yaro ba shi ya kai shi. Da na fita takaba na koma gidan wana a unguwar Sintali, da tukwanena da adudun kayana. Warƙar tana ƙasan adudun, a naɗe cikin kallabin aurena. Ba kullum nake buɗewa ba. Sanin tana nan ya ishe ni.

Da rani na biyu gobara ta tashi daga madafar maƙwabta da tsakar rana, ina gidan suna a unguwar Yelwa. Rufin ciyawa ne duk layin. Kafin labari ya iso ni in taho, ɗakina ya zama toka. Ba a rasa rai ba, kowa yana ta hamdala, ni ma na yi. Na tona inda adudun yake da sanda, na sami 'yan kunnena sun narke sun haɗe. Ban gaya wa kowa abin da nake nema ba, don a gidan ba wanda ya san da ita.

Bayan haka ne na shiga ajin manya da aka buɗe wa mata a unguwarmu, na koyi wannan rubutun boko da nake yi yanzu. Zaman banza ne ya kai ni, ba wani buri ba.

Shekaru suka wuce, aka sami mulkin kai, aka mai da ɗan wan Malam aiki Kaduna. Da matarsa ta haihu ya aiko in zo in yi mata zaman jego, don uwarta ta rasu. Na hau mota har Jos, daga nan jirgin ƙasa. Sai da aka kusa arba'in na iya buɗe baki na tambaye shi ko ya san gidan takardun nan.

"Na sani, Inna. Na yi ta jira ki tambaya."

Ya kai ni da kansa. Gida ne mai sanyi, shiru kamar masallaci bayan an watse. Wani saurayi ma'aikaci ya tambaye mu lamba, muka ce ba mu da ita. Ya tambayi gari da suna, ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da kwali ya ajiye a kan tebur a gabana. A jikin kwalin an liƙa 'yar takarda da sunan Malam, da Jalingo, a ƙasa kuma an rubuta: addu'o'i, magunguna, waƙoƙi, da wasu abubuwa dabam-dabam.

Malamin nan da ya karɓi kundin bai yi ƙarya ba. Ba ƙura, ba danshi. Inda gara ta ci an tallafe shi da wata siririyar takarda. An bi kowace warƙa an sa mata lamba da fensir a kusurwa. Wari ne kawai ya canja. Da yana warin hayaƙin gidanmu da fata, yanzu warin magani yake.

Na juya a hankali. Idona ya riga ya fara rauni, na kakansa ban iya karantawa ba ko kaɗan. Na sami yarana duk inda na bar su. Na ga wurin da layukan Malam suka fara hawa kan juna, da inda alƙalami ya bi takarda ba tawada, sai zane kawai. Ban yi kuka ba, akwai mutane a sauran teburan.

Saurayin ya matso ya ce, cikin ladabi, sun lura hannu na ƙarshe dabam yake da sauran, ba su san ko na wane ne ba. Na ce nawa ne. Ya kalle ni, ya jawo kujera ya zauna, ya roƙi in nuna masa inda kowane hannu ya fara. Na nuna masa, yana rubutawa. Ya ce a tsakiya akwai addu'ar da ta yanke, kamar warƙa ɗaya ta ɓace, ko na san inda take. Na ce wuta ta ci ta. Ya rubuta wannan ma.

Da lokacin tashinsu ya yi ya ce in ina so in dawo gobe, ƙofa a buɗe take. Na ce to. Na daidaita takardun da kaina, na ɗaure igiyar, ya ɗauki kwalin ya shiga da shi. Ban koma ba. Jaririn ya kama mura a makon, da ya warke kuma lokacin tafiyata ya yi.

Na iso Jalingo da la'asar, ƙafafuna sun kumbura saboda zaman mota. Matar wana ta kawo mini ruwa, ta tambayi mai jego da jariri, ta tambayi Kaduna. Can ta ce ta ji an ce na je inda aka ajiye takardun marigayi.

"Kin gan su?"

"Na gan su."

"Suna nan lafiya?"

"Lafiya lau."

Ta ce madalla. Ta ce akuyata ta haihu bayan tafiyata, biyu, ɗaya bai yi rai ba. Na tashi na je na duba wanda ya rage.